Sale Tanka a Darfur

Marigayi Kofur Sale bai taɓa kiran wani wuri a Darfur da sunan da masu wurin suka raɗa masa ba. Ko sau ɗaya! Tun ranar da jirgi ya sauke bataliyarmu aikin kiyaye zaman lafiya, ya tsaya da jakarsa a kafaɗa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tofar da yawu ya ce, "Af! Ashe Yankwashi aka kawo mu. Da an faɗa mini ai da na hau acaɓa."

Daga nan ya shiga rabon suna kamar wanda aka naɗa hakimi. Rijiyar burtsatsen da muke ɗebo ruwa ta zama Kazaure, tunda can ruwa yake. Baƙaƙen duwatsun da ke yamma da mu suka zama Roni. Sansaninmu kuwa Gwiwa, don a nan yake kwana, kuma shi a cewarsa bai taɓa kwana a wani gari ba sai nasu. Ni Garba, da yake mutumin Babura ne ni, na zuba ido in ga inda zai ba garinmu. Sai da aka gama haƙa banɗakin sansani, aka kewaye shi da kwano, sannan ya zagaya shi ya ce, "Yauwa. Ga Babura."

Na ce, "Haba Kofur! Duk faɗin ƙasar nan ba ka ga inda ya dace da mu ba sai nan?"

Ya ce, "Garba, wane wuri ne kowa yake zuwa da gudu, ya fito da sakin fuska? Girmama ku na yi."

Wallahi sunan nan ya bi bakin kowa. Har 'yan kudu da ba su taɓa tsallake Zariya ba, sai ka ji mutum ya ce, "Oga, zan je Babura in dawo." Bayan shekaru wani saje a Legas ya tambaye ni garinmu, na faɗa masa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ashe gari ne na gaske?" Wannan gadon Sale ya bar mini.

Ku a nan Gwiwa kun san shi da tsufansa, kunne ɗaya a toshe, yana magana kamar mai kiran shanu daga tsallaken rafi. Ni da ƙarfinsa na san shi. Shi ne direban tankar ruwa, ni ne mai riƙe bindiga a gefensa. Na ukunmu Sunday ne, makaniken tankar, yaron kirki daga wajen Kafanchan, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi ma bai tsira ba. Ranar farko Sale ya tambaye shi ma'anar sunansa, da ya ji sai ya ce, "To mene ne na wahalar da baki? Ɗanladi ke nan." Har a fareti in an kira Sunday sai ya ɗan yi jim kafin ya tuna shi ake nufi.

Tanti ɗaya muke kwana mu uku. Mutanen gida suna jin an ce an tafi ƙasar waje sai su ɗauka daɗi ake ci. Ina! Fareti da safe, cika buhunan yashi, shinkafa da kifin gwangwani yau, kifin gwangwani da shinkafa gobe. Ka wanke kakinka da rabin bokiti, ka yi wanka da abin da ya rage. Ka bi dogon layi don ka buga waya gida, kana cewa "Salamu alaikum" layin ya yanke. Da rana tantin ya zama tanda, ka kwanta kana jin kanka kana nuna. Abin da ya hana mu haukacewa shi ne karta da bakin Sale.

Kwamandanmu wani Manjo ne, ba zan faɗi sunansa ba don yana raye kuma yana da 'ya'ya. Mutum ne mai son guga da turare. Karonsu na farko da Sale a rediyon oba-oba aka yi shi. Fanbel ɗin injin tanka ya tsinke mana a hanya, Ɗanladi ya shige ƙarƙashin mota, Sale ya ɗauki rediyo ya ce, "A gaya wa Yallaɓai mun lalace tsakanin Kazaure da Roni."

Can sai ga muryar Manjo da kansa: "Kofur, na duba taswira sama da ƙasa, babu Roni. Ina ne Roni?"

Sale ya dube ni, ya girgiza kai cike da tausayi, ya danna rediyo ya ce, "Yallaɓai, mutum bai san Roni ba, ya taso gyaran ƙasar wasu?"

Duk wanda yake kan layin nan ya ji. Da muka dawo aka sa shi cika buhunan yashi har rana ta faɗi. Yana cikawa yana waƙa. Tun daga ranar Manjo ya sa masa ido.

To, sai maganar daddawa. Kun san ƙwauron Sale, ba sai na faɗa muku ba. Mutumin da yake shanya ganyen shayi a kan igiya ya sake dafa shi! Matarsa Rabi ta cika masa babban gwangwanin madara da daddawar da ta yi da hannunta, ya ɓoye a cikin akwatin harsashi, ya sa kwaɗo. In za a ci abinci sai ya juya mana baya, ya ɗauko reza, ya yanko kamar ƙwayar gero ya murza a kan shinkafarsa. Mu kuwa ran Juma'a kawai yake tunawa da mu. Sai ya miƙo murfin gwangwanin ya ce, "Ku shaƙa. Sadaka ce."

Ɗanladi ya ce, "Kofur, ko a coci in an ce sadaka, ana ba da abin da za a haɗiye."

Ya ce, "Shi ya sa ban shiga cocin ba. Miƙo murfina."

Wata rana aka turo wani Bature mai duba tsaftar sansanoni. Sale ya ce duba-gari ne. Yana shiga tantinmu ya tsaya cak, ya ɗaga hanci kamar karen farauta, ya bi wari har gaban akwatin. Aka sa Sale ya buɗe. Bature ya leƙa, ya ja da baya har ya taka ƙafar Manjo, ya toshe hanci da hankici yana zuba Turanci. Ɗanladi ya fassara mana: wai abin ya ruɓe, zai kashe bataliya, a binne shi yanzu-yanzu.

Sale bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya ɗauki shebur, ya haƙa rami a bayan tanti, ya sa gwangwanin a hankali kamar jariri, ya mayar da ƙasa, ya ƙame ya sara wa kabarin. Bature ya ji daɗi har ya dafa masa kafaɗa. Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba Sale ya sake ɗaukar shebur.

Na ce, "Kofur, oda fa aka bayar."

Ya ce, "An ce a binne, na binne. Ka ji an ce kar a tono?"

Ku yi dariyarku. Nan ne iyakar inda kuka saba tsayar da shi in yana ba ku labari. Ni yau sai na ƙarasa.

A kan hanyarmu ta ɗebo ruwa akwai wani fili da 'yan gudun hijira suka yada zango, waɗanda babban sansani bai ɗauke su ba. Rumfunan buhu da kara ne kawai, ba bishiya, ba rijiya. Yawancinsu mata da yara. Duk sanda muka wuce sai su biyo tankar da jarkoki, suna tarar ɗigon da ke zuba daga famfon baya. An hana mu tsayawa. Ni nakan sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara bindiga.

Wata safiya muna wucewa sai muka ji murya a gefen titi: "Ɗan nan, don Allah, don Annabi!"

Da Hausa! Sale ya taka burki har goshina ya daki gilashi. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, ta rame har mayafinta ya fi ta nauyi. Hausarta irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci. Ta ce sunanta Hawwa, kakanta ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya yi aure, ya mutu bai ga Ka'aba ba. Sale ya tambaye ta daga wane gari. Ta ce ita dai ta ji ana cewa garin yana da duwatsu da ruwa a gindinsu.

Sale ya buga cinya ya ce, "Kazaure! Wallahi Kazaure ce! Gwaggo, ai ke ƙanwar babana ce, ina kika shige muna ta nema?"

Ya durƙusa a gabanta da kakinsa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida manya. Tsohuwar nan ta dafa kansa.

Tun daga ranar tankarmu ta kamu da wata cuta. Duk sanda muka iso daidai wurin nan sai Sale ya kasa kunne ya ce, "Ɗanladi, ka ji? Ta yi zafi." Ɗanladi ya ce, "Sosai ma, Kofur." A tsaya, a buɗe bonet, su biyu su zura kai ciki suna tattauna lagireto kamar likitoci. Ni kuma in tsaya ina kallon gabas da bindigata. Famfon baya kuwa, ikon Allah, sai ya kwance da kansa.

Wata rana kuma na ga ya fito da gwangwanin nan daga ƙarƙashin kujera, ya miƙa wa Gwaggo Hawwa. Gaba ɗaya! Ta buɗe, ta shaƙa, ta rufe ido. Ta ce rabonta da wannan warin tun tana yarinya, lokacin da kakarta take raye. Ta rungume gwangwanin a ƙirji ba ta ko yi godiya ba, ta juya ta shige rumfa.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Kofur, ni da nake kwana da kai, nake jure minsharinka, murfi ka ba ni. Ita ka ba ta duka?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kai kana da garin komawa."

Ba a daɗe ba Manjo ya lura tankar tana isowa da ragi, don ruwan wankansa ya fara gajarta. Ya kira Sale gabansa.

"Kofur, ina ruwan yake tafiya?"

"Zufa take yi, Yallaɓai. Zafin ƙasar nan ba na wasa ba ne."

Manjo bai yi dariya ba. Ya riga ya sa an bi mu. Ya ce ruwan bataliya na bataliya ne, 'yan gudun hijira akwai masu agajin da aka ɗora wa alhakinsu, in muka saba musu gobe dubu za su tare hanya. Sale ya ce masu agajin ba su san da wannan filin ba. Manjo ya ce ba matsalarsa ba ce.

Sale ya ce, "Yallaɓai, a yi mini afuwa, tambaya ce. Zaman lafiyar wa muka zo kiyayewa, tamu ko tasu?"

Aka cire masa igiya ɗaya ta muƙaminsa a gaban fareti, aka kai shi gadirum, kurkukun sojoji. Da ya fito ya shafa hannun rigarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗinkin dama yana sa ni ƙaiƙayi." Aka mayar masa da tankar don ba mai son wannan aikin. Kashegari kuwa, daidai rumfar Gwaggo, mota ta sake yin zafi.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga babban birni, har da na ƙasashen waje, da masu ɗaukar hoto. Kai, ku zo ku ga aiki! Muka shafa wa duwatsu farin fenti, muka share yashi, yashi fa, da tsintsiya. Ana gobe za su zo Manjo ya kira Sale, fuskarsa a sake kamar ba abin da ya taɓa haɗa su. Ya ce a cika tanka fal, a kai ta filin 'yan gudun hijirar nan, a jera matan da jarkokinsu. Babban baƙo ne zai murɗa famfo da hannunsa, a ɗauki hoto, a ga yadda bataliyarmu take taimakon jama'a. Amma kar wanda ya taɓa famfon kafin su iso.

Sale ya ce, "Yallaɓai, wannan ruwan da aka cire mini igiya a kansa?"

"Kofur, fita."

Tun da hantsi muka jera su. Rana ta ɗaga, ta tsaya a tsakiyar kai, ta fara karkata. Baƙi shiru. Aka ce mana a rediyo suna cin abinci a sansani, a ci gaba da jira. Mata a tsaye da goyo, ga tanka cike da ruwa a gabansu suna jin sanyinta, ga mu da bindigogi mun tsare. Yara suka yi kuka har suka gaji suka daina. Can wata mai ciki ta sulale ta faɗi a kan jarkarta. Gwaggo Hawwa ta dubi Sale.

Ya cire hularsa, ya goge fuska, ya mayar. Ya ce, "Garba, kalli gabas." Na kalli gabas.

Sanda jerin motocin baƙi suka iso, kowace mace tana zaune a kan cikakkiyar jarka. Manjo bai lura ba, yana ta washe baki. Babban baƙo ya naɗe hannun riga, masu hoto suka durƙusa, ya murɗa famfo. Tsit. Ya ƙara murɗawa. Famfo ya yi wani tari, ya sako ɗigo ɗaya a kan takalminsa.

Manjo ya juyo, idonsa kamar garwashi. Sale ya ƙame, ya sara, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Yallaɓai, mun tsare matan, mun tsare yaran. Ƙishirwar ce ta ƙi bin oda."

Ɗanladi ya shige bayan tanka yana dariya har da hawaye. Ban san ita ce dariyarsa ta ƙarshe da zan gani ba.

Igiyar da ta rage ma aka cire. Wannan bai dami Sale ba. Abin da ya dame shi, Manjo ya haramta wa tankar bin wannan hanya kwata-kwata. Ya ce daga yau mu riƙa zagayawa ta gindin duwatsun nan da Sale yake kira Roni. Kowa a sansanin ya san 'yan bindiga suna fakewa a can, har kuku ya sani. Aka haɗa mu da motar rakiya guda, aka ce ta isa.

Ba mu yi wani daɗewa muna bin ta ba. Wata safiya muna dawowa da ruwa, sai wuta ta ɓarke daga saman duwatsu. Motar rakiya ta ƙara mai ta yi gaba. Roka ta fashe a gefen direba, gilashi ya tarwatse a kanmu, jini na zuba daga kunnen Sale. Ɗanladi yana tsaye a matakalar ƙofa ta ɓangarena, na ji ya ce "Wayyo Mama," na waiga babu shi. Rediyo yana ta ihu: a bar tankar, a bar komai, a ruga a cim ma motar rakiya.

Sale ya ja burki ya sauka. Harsashi na tona ƙasa a gabansa, shi kuwa yana tafiya irin tafiyarsa ta zuwa masallaci. Ya ɗauko Ɗanladi, ya kwantar mini da shi a cinya, ya zagaya ya shiga ya tada mota. Tayoyi sun fashe, a kan wili muke tafiya, ruwa na tsiyaya ta ramukan harsashi kamar rariya.

Ɗanladi yana da sauran numfashi. Ya buɗe ido ya ce, "Kofur, mun kai ina?"

Sale bai ji ba, sai da na faɗa masa a ɗaya kunnen. Ya ce, "Mun kusa Gwiwa, Ɗanladi. Ga ta can."

"Ta gasken fa? Ban taɓa zuwa ba."

"Zan kai ka. Rabi za ta yi maka tuwo, in zuba maka daddawa da cokali."

Ɗanladi ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ƙarya kake, Kofur." Kafin mu kai ƙofar sansani ya cika a hannuna.

Kun san abin da aka fara tambayar Sale, jini bai bushe a wuyansa ba? Me ya sa ya ƙi bin odar da aka ba shi a rediyo. Ya nuna kunnensa ya ce, "Ban ji ba, Yallaɓai." A duk zamanmu a ƙasar nan, ranar ce kaɗai ya faɗa wa Manjo tsantsar gaskiya, kuma ranar ce aka rubuta shi maƙaryaci.

Daga baya wani sintiri ya bi da mu ta filin Gwaggo Hawwa. Rumfunan suna nan, iska na kaɗa buhunan, ba kowa. Wani makiyayi ya ce ƙishirwa ta tashe su, sun yi yamma, bai san inda suka nufa ba. Sale ya sauka ya leƙa rumfarta, ya daɗe a tsaye, ya dawo ya zauna. Karta ma daga ranar ya daina. Gadon Ɗanladi ya zauna a tantinmu ba kowa a kai, Sale ya hana a fitar da shi, kullum sai ya kakkaɓe masa yashi.

Da wa'adinmu ya cika aka yi faretin raba lambobin yabo. Kowa ya samu, har ni da ban yi komai ba sai kallon gabas. Manjo ya samu ƙarin girma. Sale kuwa aka sa shi gadin sito ranar, wai kar ya ɓata taro. Muna dawowa gida likita ya duba kunnen, aka sallame shi daga aiki. Ya tafi Darfur da igiya biyu da kunne biyu, ya dawo da hannun riga fayau. Kafin ya zo nan Gwiwa sai da ya hau mota ya je har ƙauyensu Ɗanladi, ya kai wa mahaifiyarsa jakar sifanunsa. Matar ta ce mini a waya daga baya, a duk waɗanda ɗanta ya yi aiki da su, shi kaɗai ne ya taka ƙofar gidanta.

Sauran kun fi ni sani. Ya zauna a cikinku yana noma 'yar gonar gyaɗarsa. In ya zo wucewa ta teburin mai shayi sai ku ɗaga murya: "Sudan! Zo ba mu na Bature da daddawa!" Ya zo ya zauna ya ba ku, ku yi ta buga ƙafa. Da ya ce, "Akwai wani yaro Ɗanladi," sai wannan ya tuna ana jiransa a kasuwa, wancan ya ce bari ya je ya yi alwala. Ya sha gaya mini. Yakan ce, "Garba, mutanenmu suna son labarin yaƙi, amma a cire musu gawa." Wasunku ma cewa kuke bom ya taɓa masa kai. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi a zaure, damina guda cur, ku nawa kuka leƙa? Ba sai kun amsa ba. Rabi ta sani, ni ma na sani.

Zuwana na ƙarshe na same shi ya zama kamar kara. Yana ganina ya ƙwala ihu, "Garba! Ka rame! Ba sa ba ka abinci a gida ne?" Na kawo masa lemo, ya sa Rabi ta ɓoye, wai sai baƙi sun zo. Na ce ai ni ne baƙon. Ya ce ni ba baƙo ba ne, kaya ne.

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya jawo ni ta ɓangaren kunnensa mai ji, ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba tun dawowarmu.

"Garba, rediyona ya lalace. Can ɗin, an samu zaman lafiyar kuwa?"

Na so in ce masa eh. Amma Sale ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Na ce, "Kofur, yaƙi ya dawo. An ce ya fi na lokacinmu muni."

Ya saki hannuna. Ya dubi rufin zaure. Sannan ya ce, "To me muka je yi?"

Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan an share makoki sai ga wata mota ta tsaya a ƙofar gidan, wasu mutum biyu suka fito da manyan riguna, wai tawaga ce daga tsofaffin abokan aiki. Ina zaune a wurin, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Babban ya gyara murya ya ce sun zo ta'aziyyar ɗan'uwansu, jarumi, wanda ba za a taɓa mantawa da shi ba, marigayi Kofur Sani.

Sai muka ji muryar Rabi daga bayan labule, a hankali, ba kuka ba faɗa: "Sale ne sunansa."

Suka ce af, haka ne, haka ne. Suka shafa fatiha suka tashi, don suna da wani gidan a Roni.

Allah, ga bawanKa Salihu ɗan Malam Idi, Kai ba Ka ɓata suna. Ka san abin da ya yi da wanda aka yi masa. Ka yafe masa taurin kansa da kaifin bakinsa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Ka ba Rabi da 'ya'yanta haƙuri, Ka sanyaya zuciyar tsohuwar nan ta Kafanchan. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.